AUNA MAHAYI KAFIN A SHIGA FILI: YADDA A KE HAƊA ƘUNGIYAR HOLO

Da zarar ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara tsanewa, sai hankalin masu dawaki a Zariya ya koma kan abu guda, watau wasan holo, wanda wasu ke kira ƙwallon dawaki. Duk wanda ya bi ta filin holo da ke ɓangaren Sabon Gari da la'asar sakaliya a irin wannan lokaci, zai tarar da 'yan barga suna jan dawaki, samari suna kilisa, wasu kuma suna gwada hannu da sanda. Can gefe kuwa ga manya a inuwa suna shawara ƙasa-ƙasa. Shawarar nan ba ta wuce tambaya ɗaya ba, watau su wa za mu saka bana?

Mutane da yawa suna tsammanin amsar mai sauƙi ce, wai a nemo mutum huɗu da suka fi suna, a ba su dawakin da suka fi tsada, shi ke nan an ci kofi. To, ba haka abin ya ke ba. Dokar wasan kanta ta hana haka. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, waɗanda aikinsu kullum shi ne auna mutane da lissafa lambobi, yadda a ke wannan aiki, da kuma abin da za mu yi hasara in mun yi shi da ganganci.

YADDA WASAN YA ISO MU

Holo tsohon wasa ne na sarakunan Farisa. Daga can ya bazu cikin ƙasashen Asiya, har hafsoshin Ingila suka tarar da shi a Manipur ta ƙasar Indiya. Suka kafa kulob a Kalkata a 1862, suka kai wasan Ingila a 1869. Su ne kuma suka kawo shi ƙasarmu. An kafa kulob ɗin Ikko a 1904, sa'an nan wasan ya bi sojoji zuwa Arewa. A Kaduna tun 1919 a ke takara kan Kofin Jojiyan, wanda har yau shi ne babban kofin da manyan 'yan wasa ke nema.

Zariya ba ta zama baƙuwa ga wannan ba. Sabon Gari ya tashi ne bayan isowar jirgin ƙasa wajen 1911, aka kuma kafa barikin horar da kuratan soja a 1924. Inda duk hafsoshi suka zauna a zamanin nan, da dawakinsu su ke zama. Ga shi kuwa ƙasar Zazzau dama ƙasar doki ce, wanda ya taɓa ganin hawan salla a ƙofar fada ba ya bukatar a gaya masa.

Amma wanda ya mai da holo wasanmu na gida shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. A shekarun 1920 ya kafa wasan a Katsina, ya sa 'ya'yansa da mutanensa suka koya, har suka riƙa karawa da hafsoshin Turawa suna cinye su. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai daraja ta 7 a mizanin wasan. Jikokinsa, irin su Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman, su ma sun riƙe sanda. Allah ya ji ƙansu. Abin lura a nan shi ne Sarki Dikko bai sayo 'yan wasa daga wata ƙasa ba. Yaran gida ya duba, ya zaɓa, ya horar.

MIZANIN DA A KE AUNA MUTUM

Mun ambaci daraja ta 7, sai mu faɗi abin da a ke nufi. Kowane ɗan holo yana da lamba, wadda 'yan wasa ke kira handikaf. Sabon shiga yana farawa daga 2 ƙasa da sifiri, sa'an nan ya hau zuwa 1 ƙasa da sifiri, ya kai sifiri, ya yi ta hawa har 10, wadda ita ce ƙoli. Wani Ba'amurke mai suna Henry Herbert ne ya ƙago wannan tsari a 1888, bayan shekara ashirin da 'yan kai Ingila ta karɓa. Mafi yawan 'yan wasa a duniya ba su wuce 2 ba. Masu 10 kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai, kusan dukansu mutanen Ajantina ne. Daga nan mai karatu zai gane girman 7 ɗin Sarki Nagogo.

Kada a ɗauka lambar nan tana nuna yawan ƙwallon da mutum zai jefa a gida. A'a. Hukunci ne na wani kwamiti na masana, waɗanda ke duban iya hawansa, da bugunsa, da fahimtarsa ga wasa, da yadda ya ke taimakon abokansa, da ladabinsa a fili, har da irin dawakin da ya ke hawa. Kwamitin kuwa ba kullum ya ke zama ba, sai lokaci lokaci. Ku riƙe wannan magana, domin za mu komo kanta.

Lambar tana da amfani biyu. Na farko, in ƙungiya biyu za su kara, sai a tara lambobin mutum huɗun kowace. A ce ɗaya ta tashi 12, ɗayar 9. Bambanci 3 ke nan. A dokar Ingila sai a ninka 3 ɗin da yawan zangon da za a buga, a raba da 6. In zango 4 ne, 3 sau 4 ya ba da 12, a raba da 6 ya ba da 2. Saboda haka tun kafin a jefa ƙwallo, mai rauni tana da ci 2 a allo. Na biyu, kowane kofi yana da iyakarsa. Akwai na manya, irin na Jojiyan, akwai na tsakiya, irin Kofin Sarkin Katsina, akwai na ƙanana. In jimlar lambobinku ta haura iyakar kofi, ba ku shiga. Wannan shi ne abin da ya hana mai kuɗi ya tara gwanaye huɗu ya murƙushe kowa.

BA MU KAƊAI KE WANNAN LISSAFI BA

Domin a ƙara fahimta, bari mu leƙa wani wasa da ba a yi a nan. A Ingila da Polan akwai tseren babur da su ke kira sifidwe, wanda ya shigo Ingila daga Ostareliya a 1928. Baburan ba su da birki, giyarsu ɗaya ce. Mutum huɗu ke tashi a kowane tsere, biyu daga kowace ƙungiya, su kewaya fili sau huɗu. Na ɗaya ya sami maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi hannu wofi. A Ingila akan tara makin mahayi, a raba da yawan tseren da ya shiga, a ninka da 4. Wanda bai taɓa faɗuwa ba zai sami 12. Kafin a buɗe wasannin shekara sai hukumar wasan ta yanke iyaka, ta ce jimlar mahaya bakwai na kowace ƙungiya kada ta wuce kaza.

To, mene ne masu ƙungiyoyin can ke nema duk tsawon hunturu? Ba mai babbar lamba su ke nema ba, gama shi kowa ya san shi, kuma ya cinye wuri mai yawa a lissafi. Suna neman yaron da takarda ta ce 4 ne, alhali kuwa ido ya nuna bana zai yi aikin mai 6. Babur da doki sun sha bamban, amma matsalar ɗaya ce. Lamba labarin bara ta ke bayarwa, shi kuwa mai haɗa ƙungiya labarin bana ya ke so ya sani. Sai dai su can lissafi ke ba da lamba, mu kuwa a holo idon mutane ne, saboda haka amanar da ke wuyanmu ta fi nauyi.

ABIN DA A KE DUBAWA GA SAURAYI

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Ga abubuwan da ya kamata mai auna saurayi ya sa wa ido, bisa ga jerin muhimmancinsu.

Na farko zama a kan sirdi. Ɗan holo linzami a hagu ya ke riƙewa, sanda a dama, gama doka ta hana bugu da hagu ko da mutum bahago ne. Saboda haka da cinya da gwiwa ya ke riƙe kansa. Yaron da ke rataya da linzami domin kada ya faɗi, zai kashe bakin doki cikin wata guda. A duba hannunsa sa'ad da doki ke sukuwa. In hannun a kwance ya ke, ba ya fizga, to, akwai alheri.

Na biyu inda ya ke kallo. Filin holo yadi 300 ne a tsawo, 160 a faɗi in an kafa katako a gefe. Fili ne babba ga mutum takwas. Sabon shiga ƙwallo kawai ya ke bi da ido, kamar kaza da tsaba. Mai basira kuwa yana ɗaga kai ya ga inda abokinsa ya ke, da inda abokin gaba zai ɓullo, ya tafi wurin da ƙwallo za ta je tun ba ta je ba. Bugu ana koya wa kowa, amma wannan gani shi ne ke da wuyar koyarwa.

Na uku kiyaye hanyar ƙwallo. Babbar dokar holo ita ce in an buga ƙwallo, layin da ta bi ya zama kamar titi, ba a gitta gaban wanda ke da haƙƙin binsa. An yi dokar ne domin tsare rai, gama doki a guje yana iya kai mil 30 a awa. Saurayin da ke gittawa yana jawo wa ƙungiyarsa bugun hukunci, yana kuma sa mutane da dabbobi cikin hatsari. Komai ƙarfin hannunsa, in bai bar wannan hali ba, nauyi ne.

Na huɗu zuciya. A holo an yarda ka haɗa kafaɗar dokinka da ta dokin abokin gaba ka ture shi daga hanya, an kuma yarda ka harɗe sandarsa da taka sa'ad da zai buga. Wani yaro gwani ne in shi kaɗai ne a fili, amma da an matse shi sai ya ja da baya. Wani kuma in an matse shi sai fushi ya ɗebe shi, ya manta da wasa ya shiga ramuwa. Dukansu biyu da saura. A duba yaro ranar da a ke cin su da yawa, a nan a ke sanin na ƙwarai.

Sai na biyar, watau bugu. Mun ajiye shi ƙarshe da gangan, domin shi ne abin da 'yan kallo suka fi yi wa tafi, shi ne kuma ya fi ruɗin masu zaɓe. Dogon bugu yana da kyau, amma bugun baya da ya faɗa gaban aboki ya fi dogon bugun da ya faɗa gaban abokin gaba.

Ban da waɗannan, a tambayi shekarunsa da yawan zangon da ya ke samu ya buga a mako. Yaro ɗan shekara 18 mai lamba 1, wanda ke kan doki safe da yamma, hawa ya ke yi. Magidanci mai lamba 3 wanda aiki ya hana shi zuwa fili sai ranar Lahadi, watakila sauka ya ke yi. A Ajantina Adolfo Cambiaso ya kai 10 yana ɗan shekara 19. Wannan ba kowa ke samu ba, amma ya nuna yadda saurayi ke iya tsere wa lambarsa.

DOKI SHI NE RABIN MAHAYI

'Yan wasa sukan ce kashi uku cikin huɗu na holo doki ne. Zango ɗaya minti 7 ne na sukuwa da zamiya da juyi, ba a kuwa son doki ya yi zango biyu a jere. Saboda haka mai buga zango 4 yana bukatar doki biyu a ƙalla, in ya sami huɗu ya fi. Wanda ya zaɓi mahaya huɗu bai ƙirga dawakin da ke turke ba, ya yi rabin aiki.

Dokin holo ba girma a ke nema gare shi ba. Ana neman saurin tashi, da saurin tsayawa, da taushin baki, da rashin tsoron sanda. Yakan fara koyo yana shekara 3 ko 4, ba ya gogewa sosai sai ya kai 6 ko 7. A filayenmu za a ga dawakin gida, da na Sudan, da na Ajantina. Na Ajantina sun fi ƙarfi da gudu, amma sun fi tsada, sun kuma fi saurin kamuwa da cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, musamman da damina. Dokin gida ya fi jure mata.

A nan Zariya ta yi sa'a. A Samaru akwai Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, da sashenta na likitancin dabbobi da asibitin koyarwa. Mai hankali zai sa a duba masa ƙafafu da numfashi da haƙoran dawakinsa tun damina ba ta ƙare ba, ya tanadi harawa da dawa da dusa da kanwa tun da kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

JERA MUTUM HUƊU

Kowane gurbi da irin mutumin da ya dace da shi. Lamba ɗaya shi ne na gaba, ana so ya sami doki mai gudu da hannu mai saiti, gama tsakanin turakun gida yadi 8 ne kawai. Lamba biyu shi ne ɗan wahala, yana kai hari yana kuma tsare babban gwanin abokan gaba. Lamba uku shi ne madugu, daga wurinsa wasa ke tashi, galibi shi ne mafi gwaninta. Lamba huɗu shi ne mai tsaron baya, ana so ya zama mai natsuwa, mai kyakkyawan bugun baya.

Yanzu bari mu buga misali. A ce iyakar kofi 8 ce. Wani attajiri mai lamba sifiri ya ɗauko baƙon gwani mai 5, ya ƙara mai 3, ya cike da wani mai sifiri. Jimla 8. Wani kuma ya jera masu 3 da 2 da 2 da 1. Shi ma 8. A takarda daidai su ke. Amma in aka sa mutum ya manne wa mai 5 ɗin nan, ya hana shi sakat, ƙungiyar farko ta gurgunce, gama biyu daga cikinsu ba su iya ɗaukar nauyi. In kuma mai 1 ɗin ƙungiya ta biyu saurayi ne da ya ci gaba tun zaman kwamiti na baya, har yana aikin mai 3, to, su 8 ne a takarda, 10 a fili. Ribar nan ta 2 ba da kuɗi aka saya ba, da ido aka samo ta.

Akasin haka ma yana faruwa. Tsohon gwani mai lamba 4 wanda ƙarfi ya fara bari, ana jin nauyin cire shi saboda girmansa. Girmama na gaba wajibi ne, amma akwai hanyar yinsa ba tare da an kā da ƙungiya ba. A roƙe shi ya zama mai koyarwa ko alƙalin wasa, inda saninsa zai fi amfani. Kuma mutum huɗu da suka daɗe suna buga wasa tare sun fi huɗun da suka haɗu ran jajibere, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABU BIYU DA MU KE TSORO

Na farko ha'inci. Tun da ƙaramar lamba riba ce, akwai jarrabawa ga mai ƙungiya ya ce wa yaronsa ya sassauta ranar da 'yan kwamiti ke kallo, ko ya yi kamun ƙafa domin kada a ɗaga shi. Gano ci gaban yaro kafin kowa ya gano basira ce, ɓoye shi kuwa zamba ce. Wanda ya fi cutuwa shi ne yaron kansa, gama lambarsa ita ce takardar shaidarsa, da ita a ke gayyatarsa manyan wasanni. Malamin makaranta zai gane wannan. Daidai ya ke da a riƙe ɗalibi haziƙi a ƙaramin aji domin makaranta ta riƙa cin gasa da shi. In kuwa mutane suka daina amincewa da mizani, wasan ya mutu, ko da fili cike ya ke da dawaki.

Na biyu dogara ga baƙi. Ba mu ƙi a ɗauko gwanayen Ajantina ba, gama ganinsu ilmi ne. Amma baƙo yana zuwa ne ya yi mako biyu ya karɓi ladansa ya hau jirgi. In kowace shekara kuɗin da za a horar da yara uku ya tafi ga baƙo ɗaya, wata rana za a waiwaya a ga babu ɗan gida mai lamba 4, balle 7. Ga shi kuwa yaran suna nan. Ɗan bargan da ke kai dawaki kilisa tun asuba a Sabon Gari ya riga ya mallaki abu na farko da muka lissafa, watau zaman sirdi. Abin da ya rasa sanda ne da izini. A Samaru kuma ga ɗalibai dubbai, cikinsu akwai 'ya'yan gidajen da suka tashi da doki a ƙofar gida.

Saboda haka shawararmu ga masu haɗa ƙungiya bana ita ce, a kowace ƙungiya ta ƙaramin kofi a ware gurbi ɗaya ga saurayi mai tasowa, a ara masa doki na kirki, ba wanda aka gaji da shi ba. A rubuta abin da aka gani gare shi bayan kowane wasa, kamar yadda akawu ke riƙe littafi, domin kada a dogara da tafin 'yan kallo. In lokacin zaman kwamiti ya yi, a faɗi gaskiyar abin da ya kai, ko da hakan zai sa baɗi ya fi ƙarfin ƙungiyarku. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma ta wannan hanya Sarki Dikko ya bi har Katsina ta sami Nagogo.

Allah ya kai mu lokacin wasa lafiya, ya tsare mahaya da dawakinsu. Amin.